Kan da Aka Koyi Kitso a Kansa

An kawo ƙarshen zaman banza tsakanin 'yan matan unguwarmu. Ba jita-jita ba ce. Shugaban Kwamitin Raya Matasa ne ya faɗa da bakinsa, ta lasifika, ranar bikin yaye masu koyon kitso, kuma an tafa. Ya ce kwamitinsa ya yi nazari mai zurfi, ya gano cewa sana'a ita ce mafita. Allah Ya ƙara basira.

Tun kafin a fara wannan nazarin, Gwaggo Mai Kitso takan buɗe shagonta da sassafe. Ta yi shara, ta goge madubin nan mai tsagewa a kusurwa, ta wanke mataji da kibiyar tsaga, ta jera kwalaben man gashi. Sai 'yan koyo su fara shigowa: wadda makaranta ta gagari iyayenta, marainiyar da dangi suka gaji da riƙonta, wadda aka sallamo daga aikatau.

Akwai abin da nazarin bai kai gare shi ba. Ba a koyon kitso a allo, sai a kai, kuma babu macen da ke miƙa kanta ga 'yar koyo. An taɓa ba Gwaggo shawara ta sayi kan roba. Ta ce, "Kan roba ba ya cewa wayyo. Yarinyar da ba a ce mata wayyo ba, ina za ta san nauyin hannunta?" Don haka duk sabuwar da ta zo, Gwaggo ce ke kwance ɗankwali ta zauna a kujera 'yar tsugunno.

Telan da ke maƙwabtaka da shagon yana nan ranar da wata tsohuwa ta jawo jikarta, wadda ake kira 'Yar Tasha saboda tallar ruwa da take yi tsakanin motoci. Tsohuwar ta ce, "'Yar nan, ki rufa mini asiri. Direbobi sun fara sanin sunanta. In ba ki karɓe ta ba, can za ta koma."

Matar Shugaba na zaune ana yi mata shuku. Ta dubi hannun yarinyar, duk ya yi kanta, ta ce, "Gwaggo, wannan ko kazata ba zan ba ta ta fige ba."

Gwaggo ta ce, "Ai kazarki ba ta zo layi ba, Hajiya. Ke, wanke hannu ki zo nan."

Tela ya rantse cewa daga bayan kekensa yakan jiyo darasin. "Wayyo! Ke, kitso kike yi ko igiyar guga kike ja?" Can kuma, "Tsefe, sake." Gwaggo ta yi makonni tana zuwa kasuwa da tsaga a karkace kamar tafiyar mashayi, tana shan maganin ciwon kai. Yarinyar ta gudu tasha don kunya, Gwaggo ta bi ta har bakin mota da rabin kai a tsefe, ta ce, "Wa kika bar wa wannan aikin? Ni ba na yawo da rabin kitso."

Yau 'Yar Tasha na da shagonta. Shukun da matar Shugaba ta zo da shi wurin biki, wanda ake ta ɗauka hoto, aikinta ne, kuma sai da Hajiyar ta bi layi.

Gwaggo, ke ce allon da aka yi ta rubutu ana wankewa har ya suɗe. Shekara da shekaru hannun koyo na jan gashinki, har gaban kanki ya koma fili. Likita ya ce wanda ya tafi ya tafi, ɗan sauran da ke ƙeya ma in an ƙara ja zai bi sahu. Kika ce masa, "To ai ɗankwali bai yi tsada ba." Bana yatsunki sun ƙage, kin ajiye kibiya. Takardun shaidar da aka raba wa 'yan koyonki suna ɗauke da hatimin kwamiti da sa hannun Shugaba. Naki hatimin yana ƙarƙashin ɗankwali. Mun gode, uwar masu kitso. Allah Ya saka da alheri, Ya ba hannun lafiya.

Masu sana'a kuma, ba a ce kowa ya yi sanƙo ba. Amma tela na da ƙyallen da zai bari a ɓata, makanike na da injin da zai bari a kwance. A bar yaro ya yi kuskure a kan naka, shi ne kawai.

Ranar bikin, ana tsakiyar jawabi, Shugaba ya kai ga alkawarin cewa baɗi za a ninka adadin, sai ga wata mata ta zagayo bayan rumfa, inda Gwaggo ke zaune, da 'yarta, siririya, idonta a ƙasa. Ta durƙusa gaban Gwaggo ta ce, "An ce kin daina, amma na ce bari dai in gwada."

Gwaggo ta dubi hannun yarinyar, ta kai nata hannu ga ƙullin ɗankwali. "Akwai saura a ƙeya," in ji ta.

'Yar Tasha ta riƙe mata hannu. "Haba Gwaggo, a bar wa likita na shaida mana."

Ta jawo kujera ta zauna, ta zare nata ɗankwalin, gashi cike da kai har kafaɗa. Ta miƙa wa yarinyar kibiya ta ce, "Wanke hannu ki zo nan."

Daga gaba aka sake ɓarkewa da tafi. A bayan rumfa, a hankali, wata ta ce wayyo.