Askar da Na Hana a Dafa

Jikana da ya gama karatun likita ya zo ya durƙusa gabana, wai in ba shi shawarar neman aiki, don an gaya masa ni ma na taɓa neman aiki wajen likita. Wanda ya gaya masa bai ƙarasa masa labarin ba. Na nema kam, sau ɗaya a rayuwata, kuma da bakina na kori kaina.

Mu wanzamai ne gaba da baya. A ƙauyenmu, tsakanin Dutse da Kiyawa, mu huɗu ne 'ya'ya maza, kowa da zabirarsa, ga Baba na biyar. Kawunan garin sun yi mana kaɗan. Mutum na yin atishawa sai ya tarar da biyu daga cikinmu a ƙofar gidansa riƙe da ƙaho. Ga shi damina biyu a jere gero bai yi ba, tuwon gidanmu kullum ƙara ƙanƙancewa yake.

Lokacin Turawa ba su daɗe da zama ba. Sai aka ji wani likita Bature zai zo daga Kano ya ɗauki mutum ɗaya, wanda zai riƙa zagaya ƙauyuka yana yi wa mutane lamba, wato 'yar tsagar nan ta dantse da ake sa wa magani don tsare agana. Baba ya shiga sintiri ƙofar hakimi a Garu, can saman dutse. Wata guda yana hawa dutsen nan da gwiwarsa mai ciwo, yana yi wa dogarai aski kyauta, har aka yarda gidanmu ya turo mutum. Ni ya zaɓa, don hannuna ya fi na kowa sauri. Bakina ma ya fi na kowa sauri, amma bai duba wannan ba.

Ranar tafiya ya miƙo mini aska naɗe a tsumma, ya ce, "Riƙe wannan. Ka tuna gidan da ka fito, kada ka ba da mu."

Tun ina ƙarami nake jin labarin askar kakanmu, wadda bare ba ya taɓa ta, ba a kuma kai ta kusa da wuta. Na dubi ƙotar na ga ta yi baƙi, na ce shi ke nan, ita ce. Ban tambaya ba. Da ƙyar ƙafata take taɓa ƙasa har na isa Dutse.

Mu biyu ne masu nema. Ɗayan ɗan wani manomi ne daga Takur, wanda in ban da lauje bai taɓa riƙe abu mai kaifi ba. Har tausayinsa na ji. Bature yana zaune a rumfa gindin dabino, rana ta mai da shi jajawur, gefensa tukunya tana tafasa a murhu. Na ɗauka shayinsa ne.

Aka ba mu kabewa mu gwada tsaga. Kafin ɗan manomi ya gama bisimilla na jera tsaga reras, na goge askar a tafin hannu yadda muka gada. Bature ya gyaɗa kai, ya yi magana, tafinta ya juyo.

"Ya ce hannunka ya yi. Saura ka jefa askar cikin tukunyar can. Haka za ka riƙa yi bayan kowane mutum."

Na ce, "Ranka ya daɗe, aska ce ko rogo?"

Tafinta ya sassauta murya. "Ɗan'uwa, jefa kawai. Ruwa ne fa."

Allah ya saka wa bawan Allahn nan, ya so ya cece ni. Ni kuwa na miƙe na daki ƙirji, na ce askar kakana ce, ta yi wa rabin ƙasar nan kaciya ba a taɓa dafa ta ba, kuma ba a kaina za a fara ba. Har kirari na yi mata. Ɗan manomi ya jefa wuƙar da aka ba shi, ya tsamo ta da kara, ya ƙona yatsa, ya samu aiki.

Na koma gida ina jiran yabo. Na tarar da Baba a zaure da 'yan'uwana, na zayyana masa komai, har da ƙari. Da na gama, sai ya tambaye ni.

"Wace askar kakanka?"

Na warware tsumman na nuna masa.

"Wannan bara na saye ta wajen maƙeri a kasuwar Shuwarin. Ai daga cikin wuta ma ta fito. Ta kakanka tana ƙarƙashin gadona. Wa zai ba ka ita?"

'Yan'uwana suka kwashe da dariya har da faɗuwa. Baba bai yi ba. Ya miƙe ƙafarsa yana murza gwiwar nan, ya ce a hankali, "Wata guda ina hawa dutsen nan." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

Da rani ya yi, ɗan manomi ya iso ƙauyenmu da tukunyarsa a kan jaki. Baba ne ya fara naɗe hannun riga, sannan ya jawo ni na biyu. Tsagar ta karkace, na ga karkacewar da idona, kuma a karon farko na rufe bakina.

Shi ne na naɗe hannun riga na nuna wa jikana tabon. Ya duba da kyau irin na likitoci, ya ce, "Kaka, wanda ya yi wannan bai iya ba."

Na ce, "Bai iya ba kam. Shi aka ɗauka."