Guntun Bangon Yaya Sale

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Sale mai albasa a kasuwar Ogbete, nan Enugu. Allah Ya jiƙansa. Duk shekara in watan ya zagayo nakan je gaida matarsa, Hajiya Asabe, kuma duk shekara sai na sauko daga benen da take raina a ɓace.

Yaya akwai taurin kai, kowa ya shaida. Da ya samu fili, rantsuwa ya yi ba zai kwana a ɗakin bulo ba. Ya aika gida aka zo da magina, suka kwaɓa jar ƙasar garin nan, suka yi tubali, suka jera azara, soro sak irin na garinmu. Maƙwabcinsa, wani dattijon Ibo, ya leƙo ya tambaye shi ko ya san ruwan Enugu kuwa. Yaya ya yi dariya. Damina ɗaya rufin ya zubo. Mun yi masa tsiya har muka gaji, amma bai saki ƙasa ba. Sai ya bi shawarar dattijon ya ɗora kwano mai dogon baki da zai kare bango daga feshi, kuma duk rani ya tuɓe riga ya yi yaɓe da hannunsa.

Gida kuwa ya zauna. Da rana tsaka in ka shiga ɗaki sai ka ji sanyi kamar ka leƙa randa. Duk baƙon da ya sauko daga motar albasa bai san kowa ba, zauren Alhaji ake nuna masa. Ita kuma Hajiya tana tsakar gida, matan unguwa, namu da na Ibo, wannan ta shigo aron turmi, waccan ta zauna tsinkar alayyafo, har a kira magariba.

Bayan rasuwarsa babban ɗansa Nasiru ya rushe gidan. Ba zan ce yaron banza ba ne, yana ji da uwarsa. A nan aka haife shi, kuma tun yana makaranta abokai ke yi masa ba'a wai a ƙauye yake kwana. Ya tayar da bene hawa uku, shaguna a ƙasa, 'yan haya a tsakiya, uwar a can sama, wai ta sha iska. Wace iska? Tagogin gilashi ne, in aka ɗauke wuta ɗakin ya zama tanda. Ba zaure, ba tsakar gida, sai ƙofar ƙarfe. Haka na gani a unguwannin mutanenmu na Anacha da Fatakwal, gini ɗaya kamar an haɗa baki. Nakan tambayi kaina, da Yaya zai dawo yau, a ina ma zai tsaya ya yi sallama?

Gwiwoyin Hajiya sun ƙi. Shekara biyu rabonta da taka ƙasa. Tsofaffin ƙawayenta su ma matakala ta fi ƙarfinsu, sai dai gaisuwa a waya. Na roƙi Nasiru ya fitar da shago ɗaya a mayar mata ɗaki a ƙasa. Ya ce in yi haƙuri, Baffa, sai wa'adin mai haya ya cika. Bara ma haka ya ce.

Zuwana na bana na tarar ciwo ya kai ruwa na cutar da ita, sai taimama. Da lokacin la'asar ya yi na duba ɗakin, daga tayil sai fenti, babu inda za ta buga hannu. A tsohon gida kuwa juyawa kawai za ta yi ta dafa bango. Sai ta jawo wani ƙullin tsumma daga ƙarƙashin matashi ta kwance. Guntun bango ne na jar ƙasa, ta tsince shi ranar da ake rushewa. A gefe guda har yanzu ana ganin sawun yatsun Yaya na yaɓen ƙarshe. Ɗaya gefen ya lotsa saboda shafa.

Na so in yi mata wasan da muka saba, na ce ashe ɓoye mana yayanmu ta yi a ƙarƙashin matashi. Ta yi murmushi. Na ce zan samo mata dutse mai kyau wanda ba ya cinyewa. Ta ce Nasiru ya kawo har biyu, suna nan a lungu.

Ba shagon Yaya ya rage ba, ba zaurensa ba, sunansa ma a Ogbete sai tsofaffi. Abin da ya rage na Yaya bai fi tafin hannu ba, kuma kullum raguwa yake. Na tsaya har ta idar da salla a zaune, ta naɗe guntun a hankali, ta kakkaɓe ɗan garin da ya zuba a cikin tsumman.

"Auta," ta ce da ni, "ka daina wahalar da yaron nan a kan shago. Ni dai ka taya ni roƙo, kada wannan ya riga ni ƙarewa."