Na Je Legas Neman Irin Teku

Wautata ta bana ta fi ta bara, gara in faɗa da bakina kafin 'yan majalisa su ƙara mata gishiri. Sana na huɗa, guda cikin biyun da nake da su, sammore ya kama shi. An yi allura an sake, sai ramewa yake, ga damina ta matso. Ana haka 'yar ƙanena da ke karatun haɗa magani a Legas ta ce mini a waya suna neman maganin irin wannan cuta a jikin wasu halittun teku. Ni da na bar makaranta tun aji biyu, nan take na yanke shawara: in je in karɓo iri in zuba a kududdufin bayan gidana.

Ana sallame asuba muka bar Dandume, ni a gaban motar masara kusa da direba. A Funtua muka sha koko. Daga Kaduna hanya ta yi ta jijjiga ni har na ji ƙasusuwan da na manta ina da su. Soyayyen kifin Lokoja akwai daɗi, amma kuɗinsa sai ka ce da kogin aka haɗa maka. Da muka nausa kudu ƙasa ta koma ja, itatuwa suka rufe sama, na yi ta tausayin mai noman wurin.

Teku kuwa, jama'a, ban ga ɗaya gaɓar ba. Na ɗanɗana, na tofar.

Yarinyar ta kai ni ɗakin bincikensu, ta nuna mini abin a kwalba, kamar tsohuwar katifar da ruwa ya jiƙa. Ta ce a jikin dutse yake manne, ba ƙafa ba ƙaho, don haka da guba yake kare kansa. Gubar suke tatsa su gwada a kan ƙwayoyin sammore. Na leƙa madubinsu mai ƙara girman abu na ga 'yan banzan da ke cin sana suna wutsil-wutsil, a ɗaya gilashin kuma da aka ɗiga ruwan sun yi lamo. Na ce a cika mini gora.

"Baffa, wannan har naman san zai iya ci," in ji ta. "Sai an raba mai amfani da mai cutarwa, aikin shekaru ne."

Ban haƙura ba. Na lallaɓa bakin ruwa wani masunci ya ɓamɓaro mini guda, na sa a bokiti, na ƙara masa ruwan famfo don kada ya ji ƙishi. A hanyar dawowa, kafin mu kai garin Ore, abin ya mutu. Warin da ya tashi ya sa fasinjojin bas suka yi mini taron dangi, direba ya ce ko bokiti ko ni.

Na dawo hannu wofi, amma na ga abin nan da idona, kuma na tabbata maganin zai fito, ko da jikokina ne za su saya. Na kuma gane ba kowane iri ake shukawa a Dandume ba. Malamin dabbobi ya sauya allura a bayana, san ya fara cin dusa, sai dai malamin ya ce bana ba zai ja komai ba. Ina cikin ba uwargida labarin madubi, ta dubi hadarin gabas ta ce, "To Malam, kafin maganin naku ya nuna, kai za mu ɗaura wa garmar?"