Ba Ci Ya Yi Ba, Sha Ya Yi

Jiya 'yata ta miƙo mini aikin makaranta, wai a mayar da kalmomin cin abinci na Turanci zuwa Sifaniyanci. Wallahi ina ganin kalmar "comer" gabana ya faɗi.

Ina aji shida lokacin, muna zaune can ƙasar waje, a wani bene a titin Gate City Boulevard, ni da iyayena da Kaka. Iyayena kullum suna wurin aiki. Maƙwabciyarmu 'yar Meziko ce mai ɗa ɗan shekara uku. Ita ba Turanci, Kaka ba Turanci, sai na zama tafinta, da Sifaniyancin wata huɗu a baki da rawar kai.

Wata Asabar lokacin zafi maƙwabciyar ta kawo yaron da jakarsa za ta tafi aiki. Ta dafa kafaɗata ta yi doguwar magana. Rabi ya wuce ni, amma ina zan yarda in ce ban gane ba? Na tsinci "comer", wato ci, da sunan gyaɗa, na juya su Turanci a kaina, na ce wa Kaka, "Ba ya cin gyaɗa." Ka ji fa. Kamar mai tsirfar abinci, alhali gyaɗa guba ce a jikinsa.

Da hantsi Kaka ta dama kunun gyaɗa, ƙamshin tsamiya ya cika falo. Ta zuba masa a kofi, ya shanye. Ina kallon talabijin na ji wani irin tari. Leɓensa ya kumbura, numfashinsa na fita kamar fito.

"Kaka, gyaɗa!"

"Ke, ai ba ci ya yi ba, sha ya yi!"

Na kira uwar a waya. Turancin "ya shanye" na bakina, Sifaniyancinsa ya gudu. "Comer" ne, ci, ko "tomar", sha? Ina laluben kalma, yaro na shiɗewa a cinyar Kaka. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Sai na yi ta ihun sunan gyaɗa kawai. Ita kuma ta yi ta ihun in buɗe jakarsa. Allurar maganin ciwon ce a ciki. Kaka ta yi bismilla ta soka masa a cinya, na kira motar asibiti. Allah Ya yi da sauran kwanansa.

Yanzu waya ma fassara take, yaranmu ba su san wannan ɗawainiyar ba. Kaka kuwa ba ta sake dama kunun gyaɗa ba. Kullum cewa take, "Yarinya ta faɗa mini, ni ce ban ji ba." Sau nawa na buɗe baki in ce mata rabin maganar na kawo, tsoro ya hana ni. Har aka kai ta makwancinta ban faɗa ba.