Faretin Saje Bawa a Waya

Har gobe ina tuna ranar da Dakta, shugabar bincikenmu, ta kira ni ta ce, "Rifkatu, in mutanen Zuru ba su yi magana ba zuwa Juma'a, za mu cire su."

Lokacin korona ne, an hana taro. Ni ce jami'ar hulɗa da jama'a, wato mai haɗa masu bincike da mutanen gari. Ana son sanin inda marasa lafiya ke samun magani tunda an kulle hanyoyi. Muka buɗe zaure a waya, muka saka mutanen Rikoto da Bena da Wasagu, duk a ƙasar Zuru. Kullum in rubuta tambaya, tsit kake ji! Abin ya ƙona mini rai. Garinmu za a ce ba mu da ta cewa?

Na kira Baba Saje Bawa, tsohon soja da ke cikin zauren, na kai masa kuka. Ya kwashe da dariya. "Haba 'yata! Kin manna takarda a bango kin tafi abinki. Wa kika kira da suna? Ba ni sunayen."

Ƙa'idar bincike ta hana ba da sunan mutum ba da izininsa ba, don haka na yini ina bin su ɗaya-ɗaya a waya. Akasarinsu suka yarda.

Da safe sai ga saƙon muryar Saje a zauren, kamar a bariki: "Fareti! Mama Talatu ta Rikoto!"

"Ina nan, Saje!"

"Malam Garba na Bena!"

"Ina gona, amma ina nan!"

To, garin da kusan kowane gida ya san kaki, wa zai ji sunansa ya yi shiru? Sannan ya karanta tambayata. Mama Talatu ta ce maganin hawan jininta ya ƙare tuni. Daga nan baki ya buɗe, wasu da Hausa, wasu da C'lela, yaren mutanen Zuru, ni kuma ina fassarawa har hannuna ya gaji.

Ran Juma'a Dakta ta shigo zauren don ta yanke hukunci. Saje ya gama kiran kowa, ya daka tsawa: "Dakta!"

Sai muka ji, "Ina nan, Saje!"

Na yi tsalle a ofis, ba kunya! Ba a cire Zuru ba, sauran garuruwa ma tsarinmu aka ce su bi.

Ku da kuke shigowa aikin nan, ku riƙe wannan: mutanenmu ba rowar magana suke yi ba. Ku kira su da sunansu, za su amsa.