Maƙogwarona da Kokon Inna

Ni dai gudu Allah ya ba ni. A makarantarmu ta Kiru in aka sa tsere, sai dai a ga ƙeyata. Amma fa a gajeren zango. Da gudu ya yi tsawo sai maƙogwarona ya shaƙe, in ja iska ta ƙi shiga, wani sauti na fita kamar kukan ɗan tsako. In na ɗan tsaya sai ya sake ni. A asibiti aka ce asma ce, aka ba ni abin shaƙa, na shaƙa har na gaji, bai tsinana komai ba.

Malamin wasanni ya ce in abin bai daina ba, ba zai sa ni a gasar makarantu ta Tudun Wada ba. Wallahi na yi kuka, don ba ni da wani buri da ya wuce wannan.

Baba ya ce belu ne, ya kira wanzami. Tsohon ya danne mini harshe, ya leƙa, ya yi dariya.

"Malam, ai ni na cire masa shi tun yana jariri. Me kuma zan yanka?"

Wata safiya na dawo daga gudu na zube a ƙofar ɗakin Inna, ina wannan kukan tsakon. Ta miƙo mini koko mai zafi.

"Hura ka sha, ko ya buɗe maka wuyan."

Na tsuke baki na hura a hankali, na ja iska ta hanci, na sake hurawa. Kafin kokon ya taɓa leɓena maƙogwaro ya buɗe. Daga ranar nake gudu ina hura kokon da babu shi. Abokaina suka yi ta tsokanata, na ce ku dai ku kamo ni tukuna. Malamin wasanni ya ga na gama zagayen fili a tsaye, ya sa sunana.

A Tudun Wada, zagayen ƙarshe, na ji wuyan ya fara matsewa. Na tsuke baki na hura. Na zo na biyu.

Sai da na girma wani likita ya gaya mini cewa tantanin murya ne ke rufe hanyar iska, hurawar nan ce kuma ke buɗe ta. Inna ba ta taɓa yarda ba, ita a wurinta koko ne magani. Ranar da na dawo daga Tudun Wada kuwa ko ta kan kyautar da na ciyo ba ta bi ba. Kunnenta ta kara a wuyana, ta saurara, ta ce, "Alhamdu lillahi, shiru."