Man Gyaɗa a Kan Bakan Gogen Yaya Isa

Ranar wata Asabar ce da hantsi, cikin daminar shekarar da na cika goma sha ɗaya, na zauna a ƙofar ɗakin Yaya Isa da kwalbar man gyaɗa a gabana, tsumma a hannuna. Ruwa ya ɗauke, jar lakar unguwarmu Briqueterie ta manne a ƙafar kowa, hayaƙin tukubar Baba ya fara tashi daga bakin titi. Yaya ya tafi ɗauko wa Baba nama, ya bar akwatin gogensa a buɗe kan gado. Na ɗaga bakan da ake goga tsirkiyoyin da shi, sai na ga wani farin gari ya kama gashin, har ya zuba a jikin katakon. Na ce a raina, dubi ƙazanta, kuma yau da la'asar zai tsaya gaban manyan mutane. Na tsoma tsumma a mai, na bi gashin nan daga sama har ƙasa sau uku, sai da ya yi sheƙi. Na mayar, na rufe akwatin, na ɗauki bokiti na nufi famfo ina jin daɗin kaina.

Sai wanda ya tashi a gidan mai suya a Yaoundé zai gane abin da ya sa na yi haka. Garin nan laima ce da shi, ƙarfe ya kwana biyu ba a duba shi ba sai tsatsa. Don haka a gidanmu komai mai ake shafa masa: wuƙaƙen Baba, ragar gashi, keken ɗinkin Inna, har maƙallan ƙofa. Kuma aikina ne. Bayan na share tsakar gida, na jera bokitai a layin famfo, na taya Inna daka ƙuli da barkono na yajin suya, sai a miƙo mini kwalba da tsumma. Inna takan ce, “Abin da Larai ta shafa ba ya tsatsa,” ni kuwa in yi ta fankama. Ran Lahadi mu bi Inna ɗan filin da take noma rogo da masara can bayan unguwar Tsinga, mu dawo da ganyen rogo a ka. In an samu sarari mu yi carafke da duwatsu a bakin kwata, ko mu yi gaɗa da 'yan matan Fulani maƙwabtanmu, waƙa rabi Hausa rabi Fulatanci, har sai an kira mu.

Yaya Isa shi ne na farko a gidanmu da ya shiga kolej. A can akwai ƙungiyar makaɗa da suke ce wa orkestir, rabi ɗalibai, rabi mutanen gari. Akwai wani tsohon soja mai busa ƙaho, da wata nas mai rungumar ƙaton goge tsakanin gwiwoyinta, da wani tela daga unguwar Madagascar mai sarewar ƙarfe. Kowa da takarda a gabansa, malamin kiɗa ya ɗaga ɗan sanda, mutum kusan arba'in su ja numfashi tare. Yaya yana cikin masu ƙaramin gogen Turawa da ake ɗorawa a kafaɗa. Baba bai so ba. Ya ce, “Mu mahauta ne, ba a san mu da kiɗa ba.” Da ƙyar ya yarda, da sharaɗin duk ranar da ya ji ƙara daga makaranta, an gama. Abokin zaman Yaya, wanda suke duba takarda ɗaya, wani yaro ne ɗan unguwar Elig-Edzoa mai suna Mbarga. A gidanmu yake cin tuwo, a gidanmu ya koyi Hausa, Inna na kiransa ɗanta na biyu. A wasan ranar akwai wani ɗan wuri da goge ɗaya zai yi shi kaɗai, su biyun duka sun nema, malami ya ba Yaya.

Mu yaran unguwa ba a barinmu shiga zauren, sai muka maƙale a taga. Baba, duk da ƙin da yake yi, ya aika da suya a takarda a ba yaran. Yaya ya bar akwatinsa wajen Mbarga ya tafi sallar la'asar. Da ya dawo aka fara daidaita sauti, ya ɗora baka a kan tsirkiya ya ja. Shiru. Ya sake ja, bakan ya zame kamar ƙafa a laka. Ya kai gashin hanci ya shinshina, ya juyo ya ga Mbarga yana lasar yatsunsa masu maiƙon suya. Ina kallo ya kwaɗa masa mari, kujeru suka zube, takardu suka watse a gaban iyaye da malamai. Aka fitar da Yaya. Ran Litinin takarda ta iso hannun Baba, aka mayar wa kolej da gogenta.

A gida na ji Yaya yana gaya wa Inna cewa farin garin nan ƙaro ne, da gangan ake goga shi, shi ne yake sa gashin ya kama tsirkiya, kuma ɗigon mai ɗaya ya isa ya kashe baka. Inna ta juyo ta dube ni. Ta ce, “Larai, kin shiga ɗakin yayanki yau?” Na ce a'a. Kuskuren tsumma na yarinta ne, ba na zargin kaina da shi. Wannan a'a ɗin ita ce laifina, don na faɗe ta ina sane.

Yaya ya gama kolej ya gaji tukubar Baba. Ba ya barin a yi zancen kiɗa a gabansa, amma in yana yanka nama nakan ga yatsunsa na hagu suna motsi a kan katako. In ya hango Mbarga a kasuwa sai ya tsallaka titi. Na yi aure, na koma unguwar Madagascar, na haifi bakwai. Kowane azumi sai in ce bana zan faɗa, kowace salla ta wuce ban faɗa ba, har Baba da Inna suka rasu.

Bara jikata Hauwa, wadda take kolejin nan, ta shiga orkestir ɗin, ashe har yanzu tana nan. Wata rana tana wanke hannu da sabulu har sau biyu kafin ta taɓa gogenta, na ce wannan tsabta fa? Ta yi dariya ta ce, “Kaka, tsohon da ke koya mana ne, Baba Mbarga. Ya ce maiƙo ya taɓa raba shi da amininsa, kuma har yau bai tuna lokacin da ya taɓa bakan ba.” Wato shekara hamsin da wani abu bawan Allah yana tuhumar hannunsa.

Washegari na sami Yaya a inuwar tukuba, 'ya'yansa ne ke gashi yanzu. Na durƙusa na faɗa masa komai. Ya ce, “Larai, nawa na yafe. Na Mbarga kuwa da ƙafarki za ki je, kuma ni zan raka ki, don ni na yi marin.” Muka hau tasi zuwa Elig-Edzoa. Tsohon ya saurare ni har ƙarshe, ya share ido, ya ce ya yafe. Sai ya dubi Yaya ya ce da Hausarsa ta gidanmu, “Isa, kana da hannun mari, kana da sauran hannun goge?” Yaya ya ce, “Kai dai ba ni baka, tsohon banza.”

A da, unguwarmu ɗakunan laka ne da kwano, yanzu benaye sun rufe filin da muke gaɗa, kuma yaran orkestir a waya suke sauraren waƙar kafin su koya. Tsohon sojan da nas ɗin da telan duk sun tafi. Amma duk Asabar Yaya yakan sa farar riga ya zauna a layin baya, tsakanin yaran da ya yi jika da su, Hauwa tana juya masa takarda. Yatsunsa sun yi tauri, sau da yawa sai a bar shi a baya, kuma na san shekarun da suke da laushi ni na cinye masa su. Asabar da ta wuce dai ya kai ƙarshen waƙar tare da kowa. Na makara ƙwarai, amma Allah ya sa na same su da rai.